Lambar Motar Mahdi

Albasa ta yi tsada shekara guda, sai ƙanena Mahdi, mai nomanta, ya zama mutum. Ya tafi Kwatano ya dawo Madawa da wata farar mota mai shan man esansi tana kuma shan kuran, wato lantarki, wadda ake jona wa igiya a bango kamar salula. Mutumin da ko keke bai iya ɗaure wa sarƙa ba, shi ne yanzu yake tsayawa bakin tasha yana koya wa direbobi yadda batiri yake aiki. Kaico.

Gidansa na sabuwar unguwa babu kuran, don bai jawo ba, ya tsaya fentin ƙofa. Saboda haka kowace la'asar sai ya kawo motar gidan Innarmu, ya manna ta da bangon ɗakinta ƙarƙashin rumfar kara, ya zura igiyar ta taga ya jona. Inna kuwa ƙafafunta sun daɗe da gajiya. Daga gado zuwa ƙofa sai an kama ta.

Mijina Halidu ya yi shekaru yana tuƙo motoci daga bakin teku, kuma shi ya fara tayar mini da hankali. Ya ce irin waɗannan motoci na hannu, wani lokaci kamfanin da ya ƙera su yakan gano aibi ya yi kira a maido su gyara, amma kafin kiran ya iso an riga an loda su a jirgin ruwa an sayar mana. Wasu batirinsu yakan kama wuta ana cikin caji. Dubawa kuma ba wuya: akwai lambar shasi a gindin gilashin gaba, a rubuta ta a shafin kamfanin cikin salula, nan take za a gani.

Na sami Mahdi da maganar cikin lalama, ko da yake lalama ba halina ba ce. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Yaya Adawiyya, lambar mota kamar sunan uwar mutum ta. Wa ka ba da ita? Maƙiya sun yi mini yawa garin ga."

Na je na leƙa gilashin. Wallahi ya liƙe wurin lambar da wata laya mai jar fata. Takardun motar kuma suna cikin aljihun 'yar cikinsa, da su yake kwana. Wai maƙiya! Wa ya san da shi balle ya ƙi shi? Masu gaishe shi a kasuwa kujerar baya suke so zuwa Galma, shi kuma yana jin kansa kamar gwamna.

Na ce to ya dinga ajiye ta nesa da ɗakin tsohuwa. Ya ce igiyar gajera ce. Na ce ya jawo kuran gidansa. Ya ce hassada ce take cina, don mijina ya tsufa yana tuƙa motocin mutane. Wannan ta yi mini zafi, ban ɓoye ba, har na ce masa abin da ba zan maimaita ba.

Halidu ya gaya mini akwai lambar a wani wuri, jikin ƙarfen ƙofar direba, inda sakaran bai sani ba. Ranar sunan jikar Kaltume, ƙanwar Inna, a Sabon Gida, na haɗiye fushina na roƙi Mahdi ya kai ni. Ya ji daɗi ƙwarai, ya yi ta danna oda tun daga kwalta. Da muka isa ya fita ya bar ƙofa buɗe, yana gyara babbar riga don mata su gani. Na sunkuya kamar takalmina ya cire, na ɗauki hoton lambar da salula.

Da yamma Halidu ya shigar da lambar. Rubutu ya fito da ja. Ya fassara mini: motar tana cikin waɗanda aka kira, ba a kuma gyara ta ba. Kada a yi mata caji, kada a ajiye ta kusa da gini, har sai an canza wani abu a batirin. Na tuna rumfar karan nan, na tuna Inna da ba ta iya tashi ita kaɗai.

Na sami Mahdi a tsakar gidan Inna, igiya na hannunsa. Na nuna masa salular gaban matan gida duka. Kun san abin da ya dame shi? Ba wutar ba. Tambaya yake ta yi wa ya ba ni lambar, wa da wa suka gani. Ya ce na saci sirrinsa na watsa wa Nasara, na tozarta shi gaban mata. Na ce ko ya ɗauke ta yanzu, ko in kai maganar wurin kawunmu da liman. Ya naɗe igiyarsa yana huci, ya rantse shi da motarsa ba su ƙara taka gidan nan. Ya ja ta ya tafi, har ya taka kwanon kaji.

Na shiga ɗakin Inna ina jin na yi abin kirki. Na zauna bakin gado na yi mata bayani dalla-dalla, batiri, wuta, rumfa. Ta saurara har na gama, tana kallon tagar.

"Na ji," ta ce. "Kin kyauta."

Sannan ta ce, "Da can sai Salla nika ganin shi. Tun da ya sawo abin ga, kullum sai ya shigo ya jona, ya zamna nan inda kike har ta cika. Jiya ma shi ya yanke mini farce."

Na ce Inna, da ta kama da wuta fa?

"Na sani, ɗiyata. Ai ni ma ina jin ɗumin bangon."

Har yau bai zo ba. Ina jin labarinsa yana caji a garejin wani abokinsa, yana gaya wa mutane yayarsa ta yi masa asiri da salula. Ni nake zuwa kowace la'asar in kama Inna zuwa alwala, kuma ba ta taɓa ce mini komai a kai ba. Sai dai duk motar da ta rage gudu a ƙofar gida, tana katse magana ta saurara.