Launin Kanwa a Wuta

Saura kwana tara a shiga jarrabawar gwaji ta kemistiri, Malama Martina ta ɗora tukunyar gas ɗinta ta girki a kan acaɓa ta kawo makaranta. Ɗanta Clement ne ya sayo mata ita daga Zariya lokacin Kirsimeti, wai don ta huta da hayaƙin itace. Ita kuwa tun ranar da ta ga wutar nan shuɗiya tas, wani shafi na littafinta ne ya faɗo mata a rai.

Shekara ashirin da bakwai ke nan tana koyar da kemistiri a sakandaren nan ta bayan garin Ikara, kuma ta gaji. Gwiwa ta gaji, murya ta gaji, har allon ma ya ƙoƙe ya daina kama alli. Akwai ɗaki mai suna ɗakin gwaje-gwaje, amma buhunan taki ne a ciki da kujerun da suka karye. Saboda haka duk kemistirinta da baki take yin sa. Ta buɗe tsohon littafin da ta kwafa daga wurin malaminta, ta karanta, yara su rubuta, ta tambaya, su amsa baki ɗaya kamar masu waƙa. Gari guda ta yaye a haka. Akwai nas-nas, akwai masu kemis, akwai malamai daga Makarfi har Kudan, kowa in ya gan ta sai ya durƙusa.

A bana yara arba'in da ɗaya ne a hannunta, kuma ta ɗauki alkawari da kanta ba za su shiga ɗakin jarrabawa ba tare da sun ga ko abu ɗaya da idonsu ba. A takardar gwaji, abin da yaro ya gani ake ba maki. Kullum tana faɗa musu haka, ko da yake ba ta taɓa ba su abin gani ba.

Ta rubuta layi biyu a allo. Gishiri, sodiyam, wuta ruwan ɗorawa. Kanwa, fotasiyam, wuta lailak. Wannan kalma ta ƙarshe sunan wani fure ne na ƙasar Turawa, kuma daga malamar har ɗaliban babu wanda ya taɓa ganin sa.

Ta kunna gas, ta ɗauko siririn zaren ƙarfe da ta ciro daga tsohuwar hita, ta jiƙa, ta dangwali gishiri ta kai wuta. Nan take harshen wutar ya koma ruwan ɗorawa. Aji ya kaure da ihu, na baya suka hau benci. Ita kanta sai da ta yi murmushi, abin da ta kwana biyu ba ta yi a aji ba.

Sai ta ɗauki wani sabon zaren, ta dangwali dakakkiyar kanwa, ta kai. Wuta ta sake yin ruwan ɗorawa, babu abin da ya raba ta da ta gishiri.

Ta ce a ranta ko hannunta ne ya taɓa gishiri. Ta wanke hannu, ta yanki zare na uku, ta sake gwadawa. Ruwan ɗorawa ne dai, rangaɗau. Kafin ta gama tunani, bakinta ya riga ta, ya yi tambayar da ya saba.

"Wane launi kuka gani?"

"Lailak, Malama!"

Baki arba'in da ɗaya, babu wanda ya yi gardama. Ta dube su, suna kallon wuta ruwan ɗorawa ido buɗe, suna kiran ta lailak da iyakar ƙarfinsu. Da ta ce a'a a lokacin, da magana ta ƙare. Amma rana ta take, kwanon rufi yana zubo zafin bazara, ƙafarta tana zogi, ga ƙararrawa ta kaɗa. Ta kashe gas ta ce su kawo littattafansu ta duba.

A ɗakin malamai ta zauna tana sa hannu ba tare da ta karanta ba, har ta zo kan littafin Hussaina, wata yarinya daga Malikanchi da ke zama a layin tsakiya, wadda ba a cika jin muryarta ba. A gaban kanwa yarinyar ta rubuta lailak da biro, sak yadda yake a allo. A ƙasansa kuma, da fensir, ƙanana ƙanana yadda za a iya gogewa, ta rubuta ruwan ɗorawa. Malama Martina ta daɗe tana kallon rubutun fensirin nan. Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba tun da ta fara aiki.

Da ta koma gida da la'asar ko zane ba ta canja ba, ta zauna gindin mangwaro ta kira Misbahu. Tsohon ɗalibinta ne, ya yi jami'a, yanzu shi ke koyar da kemistiri a wata makaranta a Hunkuyi. Ya ɗauka da rawar jiki.

"Mama, barka da yamma. Ina gajiya? Ya ƙarfin jiki? Ya gwiwar? Ya su Clement?"

"Lafiya lau, Misbahu. Ya iyali, ya mutanen Hunkuyi?"

"Duk suna gaishe ki, Mama."

Da suka gama gaisuwa ta ce, "Tambaya ce da ni. Yau na sa kanwa a wuta."

Ta duba ko waya ta katse.

"Kana ji na?"

"Ina ji, Mama. Ai... ruwan ɗorawa za ta ba ki."

"Don me?"

Ya yi gyaran murya. Ya ce sunan ne ya yaudari mutane. 'Yan boko suna kiran kanwa fotash, kowa sai ya ɗauka fotasiyam ce a ciki, alhali yawancinta sodiyam ne, dangin gishiri. Fotasiyam na gaske yana cikin toka, irin wadda mata ke tacewa su zuba a miya.

"Tun yaushe ka san haka?"

"Tun shekarata ta farko a jami'a."

Ta ƙirga a zuci. Shekara goma sha huɗu.

"Kai kaɗai?"

"A'a, Mama. A cikin tsofaffin ɗalibanki, Loveth ta sani, Abdulsalami ma ya sani. Mun taɓa yin maganar ranar bikin Selina 'yar ajinmu, kina zaune a can gaba."

"Ina zaune a can gaba," ta maimaita. "Duk salla ka zo ka gaishe ni, ka kawo mini mazarƙwaila, ka zauna a tabarmar nan mu yi awa guda muna hira. Ba ka taɓa buɗe baki ba?"

"Haba Mama, ta ina zan fara? Ke kika koya mini riƙe alli. In dubi idonki in ce kin yi kuskure? Wallahi nauyinki muke ji."

Ba ta yi masa faɗa ba, ƙarfin faɗan ma babu. Ta yi godiya ta ajiye waya a cinya. Aji goma sha huɗu suka bi ta hannunta bayan Misbahu ya sani, kowanne ta cika masa littafi da layin nan, aka yi ta durƙusa mata ana barin ta a kai. Makin da layin zai ci bai kai ya kawo ba. Abin da ya tsaya mata a wuya shi ne amsar nan ta safe. Nan da kwana tara za a miƙa wa yaran nan kwalba a ce su rubuta abin da suka gani, ita kuma shekara uku ta yi tana koya musu kada su yarda da idonsu.

Ta so ƙwarai ta bar zancen. Saura shekara uku ta ajiye aiki, kuma ta tabbata babu mai tayar mata da shi har ta mutu. Ta zauna har inuwar mangwaro ta kai bakin katanga, sannan ta dafa gwiwa ta miƙe, ta shiga wurin maƙwabciyarta Suwaiba ta roƙi tokar karan masara. Ta tace, ta dafa ruwan har ya ƙafe ya bar farin gari a gindin tukunya.

Washegari ta shiga aji, ta tarar layi biyun na nan a allo. Ta ɗauki littafin Hussaina ta ɗaga.

"Hussaina, tashi. Me kika rubuta da fensir?"

Yarinyar ta miƙe. "Ki yi haƙuri, Malama, zan goge."

"Ba gogewa na ce ba. Karanta."

"Ruwan ɗorawa," ta faɗa, da kyar aka ji.

"Shi ne daidai. Biron ne ya yi ƙarya, kuma ƙaryar tawa ce."

Wasu suka sunkuyar da kai, kamar su ne aka kama. Ta buɗe tsohon littafinta a gabansu, ta ja layi a kan abin da ta karanta sau ashirin da bakwai, ta faɗa musu abin da ke cikin kanwa da abin da ke cikin toka.

Sannan ta sa aka rufe tagogi ɗaki ya yi duhu-duhu, ta kunna gas, ta dangwali farin garin toka ta kai wuta. Wani launi ya taso a gefen harshen, siriri, mara ƙarfi, sai an ƙura ido.

"Wane launi kuka gani? Wanda ya ce mini lailak, zai share filin makaranta."

Babu wanda ya amsa. Tun da take koyarwa ba ta taɓa yin tambaya aji ya yi shiru haka ba. Kawuna suka matso, ana ture juna, ana kallo. Yahuza, sarkin surutun layin baya, ya buɗe baki ya sake rufewa.

Can sai Hussaina ta ce, "Malama, kamar furen wake."

"Wallahi shi ne," in ji Yahuza. "Furen wake da sassafe."

Malama Martina ta sunkuya ta duba da kyau. Furen wake ne kuwa, irin wanda ke cika 'yar gonarta ta bayan gida duk ƙarshen damina, tana ratsa shi kullum da littafin nan a hammata. Ta riƙe zaren a wuta har launin ya ƙare.

"To ku rubuta," ta ce. "Ke Hussaina, wannan karon da biro."