Agogon da Babana Ya Bar Mini

Da na san abin da Mzee Taherali zai gani a fuskar agogon nan, da na bar shi da dattinsa.

Wanki kawai na kai shi. Ɗana Jabiri ya samu aiki a jirgin ruwan dakon kaya, wata uku ina hana shi tafiya. Teku ta ci mahaifina ina ɗan shekara shida, ba zan ƙara mata da ɗana ba. Niyyata in ɗaura masa agogon kakansa, ya ga abin da ya rage na mutumin da ya bi ruwa, ko jikinsa zai yi sanyi.

Taherali, wanda muke kira Mzee, wato dattijo, ya fi shekara arba'in yana gyaran agogo a tsohon garin Mombasa. Ya maƙala gilashi a ido, ya kira sunana yana tsokanata.

"Shee, wannan agogo ne ko tukunyar shinkafar biriyani? Ji maiƙo!"

"A hankali, Mzee. Na marigayi babana ne. Ya bar wa mamata ranar da zai yi tafiyarsa ta ƙarshe."

"Wace shekara?"

"Tamanin da ɗaya."

Dariyarsa ta ɗauke. Ya jawo wani tsohon littafin kamfanin da ya ƙera agogon, ya ɗora yatsa a kan hoto.

"Dubi tambarinsu na da: rubutu a haɗe, da tauraro a sama. Naka manyan baƙaƙe ne, babu tauraro. Sai a tamanin da takwas suka koma haka."

"To an canza fuskar ke nan."

Ya buɗe bayan, ya karanta lambar ciki, ya girgiza kai. "Ciki da waje rana ɗaya aka haife su, ɗana."

Shekara bakwai ke nan bayan an yi wa babana salla ba gawa. Na zauna a benci. Ina shekara goma sha biyar mamata ta ba ni agogon, washegarin zuwan wani baƙo daga Maskat ta ƙasar Oman. Sun daɗe a tsakar gida suna magana ƙasa-ƙasa, ranar ko abinci ba ta taɓa ba. A murfin an zana: "Ga Shee, daga babansa."

"Wataƙila ita ta saya don ta sanyaya maka rai," in ji Taherali. "Iyaye mata suna yin haka."

"Da cinikin mahamri, ɗan fanken da take soyawa, Mzee?"

Ya rufe bayan agogon, ya miƙo mini.

A ƙofar gida na tarar da Jabiri.

"Baba, Alhamis jirgin zai tashi. Ba zan tafi ba sai ka sa albarka."

Na buɗe baki zan faɗa masa abin da na saba faɗa. Sai na tuna yanzu ban ma san ko teku ce ta ci babana ba.

"Je ka," na ce. "Amma duk inda ka sauka, ka kira uwarka."

Ya tsaya yana kallona, baki buɗe.

Mamata ta rasu bara, baƙon kuma ko sunansa ban riƙe ba. Har yau ban sani ba ko babana mutuwa ya yi ko tafiya, ban kuma sani ba ko yana raye.