Ɓangaren Omana

Shekara goma sha tara Thankamani na tsayawa a hagun gadon katako, Omana a dama. Haka ake tausar mai a gidan hutun nan na bakin teku: mata biyu, hannu huɗu, a tafi tare a dawo tare, har wadda ke kwance ta ɗauka mutum ɗaya ce ke taɓa ta. Ba sa ƙirge, ba sa magana. Tsegumin duniya ma da gira suke yin sa a kan bayan Turawa.

Sai ga shi farkon damina, daidai lokacin da baƙi ke tururuwa don likita ya ce jiki ya fi shan mai a sanyi, Omana ta yanke jiki ta faɗi a kasuwar kifi. Ɓarin jikinta na dama ya shanye.

Aka haɗa Thankamani da Nimmy, wata mai takardar shaida da saurin tsiya. Kafin Thankamani ta gama kafaɗa ita ta kai gwiwa. Wata Bajamushiya ta kai ƙara, wai kamar ana raba ta gida biyu.

"Yaya, ki koya wa Nimmy hannunki mana," in ji manaja. "Ranar Litinin zan ba ta gurbin Omana."

"Omana za ta dawo."

"Yaushe?"

"Ka dai bari in gano ta."

Gaskiyar magana, ba don aikin ba ne. Mijin Thankamani ya rasu, ɗanta na Dubai, sai gaisuwar minti uku a waya. Omana kaɗai ta san ciwon ƙugunta, ita kaɗai ke ce mata tsohuwar banza. Yanzu a bayan ɗakin dafa magani take cin rogonta da kifi, tana kallon ruwa na zuba daga rufi, kuma kaɗaici ya ishe ta.

Ranar Lahadi ta ɗura man riɗi da aka dafa da saiwoyi a kwalba, ta hau bas biyu. Ta tarar da Omana a tabarma, baki a karkace, matar ɗan Omana na haɗa kaya a kwali. Ɗan nata zai tafi da ita birnin Bangalore jibi.

"Tsohuwar banza, sai yau?" Maganar da kyar ta fito.

"Rufe mini baki. Kawo hannun."

Ta ɗumama man, ta durƙusa ta dama, inda ba ta taɓa tsayawa ba. Hannunta sai kuskure yake, yana neman hagu. Ta bi kafaɗa, ta sauko gwiwar hannu, ta murza yatsu ɗaya bayan ɗaya, tana jiran ko ɗaya ya motsa. Ta sake daga sama. Ta ƙara sakewa.

"Kin ji ɗumi nan?"

"A'a."

"Nan fa?"

"Yaya, kina ɓarnar mai. Ba na jin komai. Ki koya wa yarinyar nan kawai."

Thankamani ta tsaya, mai na ɗiga daga yatsunta. Ta kai hannu za ta rufe kwalbar.

"Wa ya ce ki daina?" Omana ta juyo da kai a hankali, ta kafa wa hannun nata ido. "Ci gaba. Ina kallo."