Jadawalin Ɗakin Wankin Ƙoda

A gida Auta ake kiranta, duk da ta haura shekara talatin da biyar, ga 'ya'ya biyu. A ɗakin wankin ƙoda kuwa Injiniya suke ce mata, tun ranar da ta gyara musu firinta. Rubuta manhaja ne aikinta, a wani ƙaramin kamfani da ya yarje mata ta yi aiki daga duk inda take. Shi ya sa cikin 'ya'yan Baba su biyar, kai shi asibiti Litinin da Alhamis ya faɗo a kanta. "Ke ai ofishinki a jaka yake," in ji yayyenta.

Inji shida ne a ɗakin, marasa lafiya arba'in da takwas. Jadawalinsu a farin allo yake, Akawu na rubutawa yana gogewa. In inji ya lalace aka ɗaga wa mutum lokaci, ba zai sani ba sai ya zo. Wata Alhamis Baba ya yi awa biyar a kan benci, ƙafafunsa a kumbure. A ranar Auta ta sami Sista, shugabar nas-nas ɗin ɗakin, ta ce za ta rubuta musu manhajar da za ta riƙe jadawali, ta kuma tura wa mutum saƙo a waya in an canza masa lokaci.

Wata biyu ta yi a kanta, Asabar da Lahadi. A kwamfutarta tana tafiya sumul. Abin da ya rage shi ne ta ɗora ta a intanet, a kan sabar wani kamfani, wato manyan kwamfutocin da ke ajiye wa mutane shafukansu. Ta ɗauka aikin awa ɗaya ne. Tun Juma'a take fama.

Ranar Litinin, bayan an jona wa Baba inji, ta ja kujerar roba kusa da gadonsa, ta ɗora kwamfutar a cinya, ta sake turawa. Layuka suka yi ta gudu a fuskar kwamfutar, farare, farare, sai ja. An ƙi karɓa.

"Har yanzu?" Baba ya tambaya.

"Har yanzu, Baba."

"Wai ina kike son kai ta ne?"

"Gajimare suke kiran wurin."

Ya juyo da kai a hankali don kada ya motsa hannun da ke da allura. "Gajimare? To in aka yi ruwa fa?"

Ta yi murmushin da bai kai ciki ba. Idanunta na zafi. Ta karanta jan layin karo na ba adadi: sabar ta ce manhajar na neman wani abu da ba ta da shi.

Baba tsohon direban babbar mota ne, shekara talatin da ɗaya a kan hanya. Ya ce, "Motar da ta tashi a gareji ta ƙi tashi a hanya, duba abin da aka baro a garejin."

Ta buɗe baki za ta ce ba haka abin yake ba, sai ta rufe. Haka ɗin ne. Manhajar ta dogara da wasu ƙananan kayan aiki da wasu suka rubuta, kuma dole ta jera wa sabar sunayensu don ta ɗebo. Wanda ke tura saƙon waya kuwa, ta sa shi a kwamfutarta tun da daɗewa, ta manta ba ta rubuta shi a jerin ba. Ta ƙara shi, ta tura.

Jan layin ya tafi, wani ya zo. Wannan karon fayil aka rasa, fayil ɗin da ga shi nan tana kallonsa da idonta. Ta yi minti arba'in tana kallo kafin ta gano: ta sa masa suna da babban harafi, ta kira shi a cikin manhajar da ƙarami. Kwamfutarta ba ta damu ba. Sabar kuwa ba ta san alfarma ba.

Ta gyara, ta tura. Aka karɓa, manhajar ta tashi, bayan minti ɗaya aka kashe ta.

Ta dafe goshi. Injin Baba na ta ƙararsa iri ɗaya, jini na zagaye a cikin bututu. Wayarta ta yi tsuwa, ogan ofis ne yana tambayar aikin da ta ce za ta miƙa da safe. Ta kifa wayar.

Matsala ta uku ƙofa ce. Ta ƙayyade wa manhajar lambar ƙofar da za ta tsaya tana jiran baƙi, alhali sabar ce ke zaɓar ƙofa da kanta. Baƙi na ƙwanƙwasa nan, ita tana tsaye can. Layi ɗaya ta canza. Saura rabin awa a cire wa Baba inji, rubutu ya fito kore.

Ta buɗe shafin a wayarta, ya buɗu. Ta miƙa wa Sista.

"Kai, Injiniya!" Sista ta ɗaga wayar sama kamar ta ga sabon jariri. "Malam Akawu, zo ka ga abin da zai raba ka da allo."

Akawu dattijo ne siriri, da yatsa biyu yake buga kwamfuta. Bai yi murna ba, bai kuma yi musu ba. Ya zauna ya fara shigar da sunaye ɗaya bayan ɗaya, da rana da lokaci da lambar waya. Auta ta kai Baba gida ta dawo, ta same shi yana na talatin, abincinsa na gefe ya huce. Da ya gama, Sista ta ɗauki tsumma ta nufi allon.

"Sista, da an bar shi ko na mako ɗaya," in ji Auta.

"Jadawali biyu rikici ne. Wani ya bi wannan, wani ya bi wancan." Ta goge shi fes.

Auta ta san ya kamata ta dage. Gajiya ce ta hana ta.

Washegari da safe tana ɗaura wa ƙaramar 'yarta igiyar takalmi, waya ta yi ƙara.

"Injiniya," muryar Akawu a sanyaye, "babu kowa a ciki."

"Kamar yaya babu kowa?"

"Shafin na buɗewa. Amma fayau yake, ko suna ɗaya."

Ta miƙa wa mijinta yaran, ta ɗauki jaka. A tasi ta buɗe shafin sau goma, kamar kallo zai dawo da su.

Ta tarar da baranda cike. Mutanen Talata sun zo, ba wanda ya san wa zai fara. Sista na tsaye a tsakiyarsu da biro da bayan wata takarda, tana tambayar kowa, "Kai makon jiya ƙarfe nawa ka hau?" Wasu sun tuna, wasu kowa ya ce shi ne na farko. Sista ta ga Auta, ta ci gaba da rubutu. Auta ta gwammace a zage ta.

Ta shiga ɗan ofishin Akawu, ta raɓe tsakanin durowar fayil-fayil da bango, ta buɗe rahoton sabar. Ba ta sha wahalar nema ba. Manhajar na ajiye sunayen a wani fayil a kan sabar kanta. Ita kuwa sabar, in aka daɗe ba a taɓa ta ba sai ta kwanta, in ta farka ta dawo sabuwa fil, duk abin da aka rubuta a kanta ya tafi. An faɗi haka a littafin bayanin kamfanin, a sakin layi na biyu. Ta wuce ta kansa ranar Juma'a tana sauri.

"Wani ne ya shiga ya goge?" Akawu ya tambaya daga bakin ƙofa.

Da ta ce e, da ya yarda. Ta ce, "A'a, Malam. Ni ce. Na ajiye su a inda ba a ajiya."

Ya cire tabarau ya goge da gefen riga. "Awa huɗu na yi jiya."

"Na sani. Ka yi haƙuri."

"Ba ni ne abin ji ba. Akwai wata baiwar Allah a waje, tun asuba ta baro gida, yanzu an ce sai azahar." Ya mayar da tabaran ya fita.

Ta ji kamar ta rufe kwamfutar ta ce musu su koma allonsu, ita ma ta koma 'yar rakiya kamar kowa. Sai dai allon ma yanzu babu komai a kansa.

Ta buɗe rumbun bayanai na daban, wanda ba ya kwanciya tare da sabar. Ta haɗa manhajar da shi, aka ƙi, don ta sa kalmar sirrin a inda sabar ba ta dubawa. Ta mayar da ita inda ya dace, aka karɓa. Wannan karon koren rubutu bai burge ta ba. Ta shigar da sunan ƙarya, ta kashe sabar da hannunta, ta tayar. Sunan na nan. Ta sake, yana nan. Sau biyar ta yi. Ta kuma sa manhajar ta riƙa fitar da jadawalin mako a takarda guda da za a iya bugawa.

Taron ofishinsu na ƙarfe goma ya wuce ba ta shiga ba. Ta rubuta wa oga cewa tana asibiti, wanda gaskiya ne.

Da azahar, da baranda ta lafa, ta sami Akawu. "Malam, ba sai ka sake bugawa ba. Ka karanto mini kawai, ni zan shigar."

Ya jawo durowa ya fara zaro katunan marasa lafiya. Lambobin waya na jikin katunan. Ranaku da lokuta kuwa, rabi daga takardar Sista suka samo, rabi daga kansa. "Wannan ba ya iya safiya, ɗansa sai ya tashi daga aiki. Wannan kar ki haɗa ta rana ɗaya da waccan, ba sa ga maciji." Ba ta tanadi wurin rubuta irin waɗannan ba. Ta buɗe wani shafi tana ajiye su a gefe.

Sun kai na ashirin da 'yan kai, sai ya tura mata rabin burodinsa ba tare da ya ɗago ba. Ta ci.

Laraba da safe ta duba tun kafin ta sauko daga gado. Arba'in da takwas, cif.

Ranar Alhamis inji na huɗu ya tsaya. Akawu ya matsar da mutum biyu zuwa yamma, saƙo ya tafi, ba wanda ya zo ya zauna a banza. Sista ta manna takardar mako a jikin allo, sannan ta zo gadon Baba tana gyara masa bututu.

"Injiniya, ba za a iya sa ta riƙa nuna magungunan kowa ba? Da sakamakon gwajin jini?"

"Za a iya, Sista."

"Zuwa yaushe?"

"Ba wannan watan ba."

Sista ta yi dariya ta wuce. Auta ta buɗe aikin ofis da ya kwana uku yana jiranta. Ta karanta layin farko, ta sake karantawa, ba ta gane abin da ita da kanta ta rubuta ba. Kanta ya jingina da bango.

Da wata nas ta zo auna jinin Baba, ta ga kwamfutar na shirin zamewa daga cinyar Auta, ta kai hannu za ta taɓa kafaɗarta.

"Ƙyale ta, 'yata," Baba ya ce ƙasa-ƙasa. "Ɗauke mata na'urar kawai ki ajiye nan gefena. Saura awa nawa?"

"Biyu da rabi, Baba."

"To, kar a tashe ta sai an cire ni."