Motar Mama Ta Yi Nauyi

Mama ta bar wa 'ya'yanta biyu motarta a garejinsu don su canza mata baƙin mai. Za ta je jinyar ƙanwarta ne a wani gari, kuma ba ta san ranar dawowa ba. Motar tsohuwa ce mai lafiya, ba ta taɓa yin gudun da ya wuce na kai Mama kasuwa ba.

Dogo, babban ɗan, shi ya fara kallon turbon da suka cire daga wata mota da ta yi hatsari. Turbo na'ura ce da ke ƙara wa inji iska don ya ƙara gudu. Auta ya kalli Dogo, ya kalli motar Mama. Sai suka ɗaga bonet. Dabararsu ita ce Mama ta ci gaba da tafiyarta ta hawainiya, su kuma su riƙa aron motar ranar hutu.

Ɗaura turbo bai ba su wuya ba. Rigimar a kan ƙwaƙwalwar mota ta tashi, wato kwamfutar da ke auna wa inji mai da wuta. Ta asalin ba ta san da turbo ba. Idan iska ta ƙaru mai bai ƙaru ba, inji zai ƙone.

"A cire ta gaba ɗaya, a sa sabuwa mai cin gashin kanta," in ji Dogo. "Mu tsara komai da hannunmu."

"Yaya, kana son a kama mu ke nan. Ka cire ta, agogon mai ya mutu, na'urar sanyi ta yi yaji, fitilar gargaɗi ta kunna. Mama da ke gane an taɓa mata madubi?"

"To, me kake so?"

"Ƙaramin akwatin nan da ake goya wa ta asalin. Shi zai riƙa yi mata ƙarya, ya ce iska kaɗan ce, ya ƙara mai a ɓoye."

"Dama kai da maƙaryaci ai ba ku ɓatawa."

Sun kwana biyu ba sa gaisawa sai a kan sifana. Daga ƙarshe Dogo ya sakko, don shi ma tsoron Mama yake ji. Suka goya akwatin, suka cusa shi bayan aljihun gaba, suka sa ƙarfin turbon can ƙasa.

Mama ta dawo, ta karɓi makulli, ta yi musu addu'a, ta tafi. Washegari sai ga ta a gareji fuska a ɗaure.

"Wane irin mai kuka zuba mini? Motar nan ta yi nauyi. Ina takawa kamar ina roƙonta."

Suka kalli juna. Bayan ta shiga ofis shan ruwa, Auta ya jona kwamfutarsa, ya duba, komai daidai. Ya ɗan ƙara ƙarfi don a zauna lafiya.

Bayan 'yan kwanaki ta sake dawowa. "Da ɗan dama, amma a hawa tana nishi." Suka ƙara. Da Dogo ya nemi aro kuwa, sai ta ce ba za ta ba shi mota mara lafiya ya je ya maƙale a hanya ba.

Zuwa na uku Dogo ya ce shi fa sai ya ji da kunnensa. Ya zauna a gefenta. Mama ta gyara tabarau, ta bi layin gareji a hankali, tana gaida masu shaguna. Suna hawa babban titi, ta ga gabanta fayau, sai ta sauke giya ta taka totur har ƙasa. Turbo ya yi fito, kan Dogo ya bugi kujera.

"Mama! Mama, a hankali!"

"Ka ji nauyin da nake faɗa?"

"Na ji! Wallahi na ji!"

Ta sassauta, ta faka a gefe, tana dariya har da share hawaye.

"Ni na haife ku. Tun daga ƙofar garejinku na ji tana huci kamar mage. Na ce bari in ga iya inda za ku kai ta."

Dogo ya sunkuyar da kai. "A cire ne?"

"A cire me? Gobe ku sa mini burki mai kyau da tayoyi sababbi, wannan burkin bai dace da ita ba yanzu. Kuma ka gaya wa ƙanenka, ko wanki za a yi mata, ina tsaye."

Suka sa burkin, tana zaune a kan benci da makulli a hannu. Ranar hutu suna tafe a kan tsohon babur ɗinsu, Auta a baya, sai motar Mama ta wuce su fuu, ta danna musu ham. Auta ya ɗaga hannu ya gaishe ta, Dogo kuwa ya yi kamar bai gani ba.