Théodore Ya Kulle Fayil Ya Tafi Poli

Ƙungiyar 'yan kasuwar unguwarmu a Garwa ta yanke shawarar rubuta dokokinta. Sakatariya Karimatu ta sa fayil ɗin a wata ma'ajiya ta intanet, inda kowane shugaba zai iya buɗewa da wayarsa ya yi gyara. Komai ya tafi daidai, ban da layi ɗaya: ranar taro.

Mahamman mahauci yana son Lahadi, don Juma'a ranar masallaci ce. Théodore mai sayar da gyaɗa yana son Juma'a, don Lahadi yana coci. Ba su taɓa yin gardama baki da baki ba. Mahamman zai goge hannunsa a riga ya mayar da layin Lahadi, kafin la'asar Théodore ya mayar da shi Juma'a. Ma'ajiyar kuwa ba ta zubar da komai, kowane gyara sai ta adana shi a matsayin sabon kwafi, har kwafin suka fi 'yan ƙungiyar yawa.

Da Karimatu ta gaji, ta nuna musu yadda ake kulle fayil: mai gyara ya kulle, ya gama, ya buɗe wa na gaba. Théodore ya saurara da kyau. Ya rubuta Juma'a, ya kulle, ya tafi ƙauyensu a bayan Poli girbi, inda babu rezo, wato sabis ɗin waya.

Mahamman ya danna ya danna, waya tana gaya masa Théodore ya kulle. Karimatu ta ce masa ya yi haƙuri, ta fara yi masa bayani, amma bai tsaya ji ba. Ya bar wa ƙaninsa teburin nama, ya shiga mota zuwa Poli, daga nan ya hau moto, wato babur.

Ya iske Théodore a gona. Théodore ya yi murna ƙwarai, ya kama zakara ya miƙa masa wuƙa ya yanka da kansa. Sai da suka ƙoshi Mahamman ya faɗi abin da ya kawo shi. Suka hau dutse neman rezo, Mahamman yana haki yana tsayawa. A can sama rezo ya zo, sai Théodore ya ƙura wa wayarsa ido.

"Malam Mahamman, na manta lambar sirrin."

Mahamman ya zauna a kan dutse, sai dariya ta ƙwace masa. Kafin su sauko sun shirya a kan Laraba.

Tare suka dawo Garwa suka kai wa Karimatu labari.

"Baba, ai abin da nake son gaya maka ke nan," ta ce wa Mahamman. "Kullen yana buɗewa da kansa in an kwana ba a taɓa shi ba."

Ashe a bayansu Hajiya Habiba, shugabar mata masu kifi, ta shiga fayil ɗin ta rubuta Talata, an buga, kowa ya sa hannu. Karimatu ta ce tsofaffin kwafin duk suna nan, in suna so a dawo da ɗaya. Suka dubi juna. Babu wanda yake da ƙarfin halin tunkarar Hajiya Habiba.

Ranar Talata suka zo taro, suka zauna benci ɗaya a baya, suna gunaguni.