Ƙwayar Baba da Gwangwanin Kofi

Duk Laraba nakan kai 'yata Jitske gidan mahaifina kafin in wuce aiki. Wannan safiyar ina cire rigar ruwa, sai na ga ta dafa teburi ta miƙe tsaye, yatsunta na lalube kusa da farar ƙwayar hawan jininsa. Shekara shida ke nan yana ajiye ta gefen burodi.

Na ɗauke ƙwayar. Likita ta taɓa gaya mini guda ɗaya tana iya illata zuciyar ƙaramin yaro.

"Baba, maganin nan ya bar teburi daga yau."

"In ban gan shi ba mantawa nake, 'yar nan. So kike jinina ya hau?"

"Ka taɓa manta shan kofi?"

Ya harare ni. "Ko ranar jana'izar uwarki ban manta ba."

Na taka kujera, na mayar da gwangwanin kofinsa saman kabad, na ɗaure kwalin maganin a murfin da roba. Na makara, amma ban fita ba sai da ya miƙa hannu ya ɗauko, ya haɗiye ƙwayar a gabana.

"Shugaba ta gamsu?"

Na miƙa masa Jitske.